KIMIYYA A TSAKAR GIDA: Auna Gidanka Kafin Ka Yanke Waya

 A fitowar da ta wuce mun yi bayanin yadda ake kula da batirin sola a lokacin bazara, ina kuma godiya ga waɗanda suka aiko da gyara da ƙarin haske. A wannan karo wasiƙu biyu ne suka zaɓa mana abin da za mu tattauna a kai.

Ta farko daga wani dattijo ce mai sayar da yadi a babbar kasuwa. Ya ce cikin shekara biyu ya sayi akwatin rediyo har uku, kowace ta fi 'yar'uwarta tsada, amma da zarar ya shiga ɗaki da dare ya murɗa gajeren zango don ya ji labaru da Hausa, ba abin da yake ji sai shuuu kamar ana suyar ƙosai. Yana tambaya wace iri zai saya ta huɗu. Ta biyun kuwa daga wani tsohon ɗalibina ce wanda yanzu yake gyaran rediyo da salula. Shi ya sami wata tsohuwar na'urar sauraro, ya kama waɗansu mutane suna hira da juna da Faransanci da Ingilishi a zangon mita 40, sha'awa ta kama shi, yana so ya san irin eriyar da zai ɗaura don ya riƙa jin su har a mita 80 da mita 160.

To, Alhaji da ɗalibina, amsarku guda ce. Akwatin rediyo baki ne kawai, kunnen yana waje, watau wayar da aka miƙa a sama wadda ake kira eriya. Wanda kunnensa ya toshe, ko da an ƙara masa baki goma ba zai ji kira ba. Saboda haka Alhaji, mai da kuɗinka aljihu tukuna, ka nemo ma'auni mu auna gida.

DALILIN DA YA SA ABIN YA SHAFE MU

Wani zai ce, Malam, a zamanin salula da intanet wa ke ta waya a kan itace? Mu Hausawan Chadi ba mu da yawa, abin da ake watsawa a tashoshin FM na Injamena kuwa mafi yawansa da Larabci ne da Faransanci, ga shi kuma FM ba ta tafiya nesa. Iyayenmu ta gajeren zango suka riƙe zumunci da ƙasar Hausa. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007. Shekaru da dama Rediyon Kaduna tana shigo mana a kan 6090, ana jin gaishe-gaishe da sanarwar rasuwa da waƙoƙin gida, alhali tsakaninmu da Kaduna ya haura kilomita 800.

Ban manta da ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008 ba, lokacin da aka yi faɗa a tsakiyar gari. Salula ta ɗauke, wuta ta ɗauke, jama'a da yawa suka tsallaka Kuseri. Mu da muka rage a Gardole muna kwance a ƙasa cikin ɗaki, abin da ya gaya mana halin da garinmu yake ciki shi ne tsohuwar rediyon mahaifina mai batir huɗu, da wata waya da ya ɗaura a darbejiyar ƙofar gida tun ina yaro. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 kuma an toshe shafukan sada zumunta a ƙasar nan, kowa ya shaida. Hanyar da ta ratsa ta hannun wani, yana iya rufe ta duk ran da ya so. Igiyar rediyo kuwa daga sama take saukowa, kan kowane rufi.

SU WANE NE MASU HIRAR?

Mutanen da ɗalibina ya ji su ne ake kira 'yan sha'awar rediyo. Ba ma'aikatan wata tasha ba ne. Malamai ne da likitoci da manoma da ɗalibai waɗanda suka ci jarrabawa, hukumar ƙasarsu ta ba su lasisi da lambar kira, suna magana da junansu daga gidajensu ba don kuɗi ba. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. Kowace ƙasa da harufan da lambarta ke farawa da su: Chadi TT, Nijeriya 5N, Nijar 5U, Kamaru TJ. Da yake masu wannan abu ba su da yawa a ƙasarmu, duk wanda ya fito da lambar TT8 duniya kan yi masa caa. A 2012 waɗansu Italiyawa sun zo Injamena takanas, suka yi aiki da lambar TT8TT don kawai mutanen duniya su sami yin magana da Chadi.

Abin ba wasa ba ne kaɗai. Lokacin da igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya a Disambar 2004, 'yan sha'awar rediyo da suka je can su ne suka riƙa isar da saƙonni bayan layukan waya sun mutu. Mu da muka ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a bakin Shari da Logon, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

LISSAFI KAƊAN

Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Lambar da kake gani a jikin rediyo, kilohaz ko megahaz, ita ce yawan kaɗawar igiyar cikin daƙiƙa, kilohaz dubu kuma shi ne megahaz ɗaya. In ka raba 300 da megahaz, sai ka sami tsawon igiyar da mita. Misali 300 a raba da 6 ya ba da 50, shi ya sa ake ce wa tashoshin da ke wajen 6000 kilohaz suna zangon mita 49. Ke nan duk yadda lamba ta yi ƙasa, igiya tana ƙara tsawo.

A yankinmu na Afirka da Turai, ƙananan zangunan da aka ware wa 'yan sha'awa su ne mita 160, daga 1810 zuwa 1850 kilohaz. Mita 80, daga 3500 zuwa 3800. Da mita 40, daga 7000 zuwa 7200. Akwai waɗanda suka fi waɗannan ƙasa ma, kamar 472 zuwa 479 kilohaz da aka amince da shi a 2012, amma wannan sai gwanaye.

Waya ta fi amsa igiya in tsawonta ya kai rabin tsawon igiyar, kamar yadda tsirkiyar gurmi take da muryar da ta dace da tsawonta. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: raba 143 da megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar da mita.

Zangon mita 40, a kan 7.1: waya mita 20, watau goma-goma.
Zangon mita 80, a kan 3.65: waya mita 39.
Zangon mita 160, a kan 1.83: waya mita 78.

Yanzu ka ajiye jaridar nan ka fita ka taka gidanka. Gidan da nake ciki, daga katanga zuwa katanga taku ashirin da uku ne, na kuwa san ya fi na mutane da yawa a unguwar nan. Mita 78 ta ƙetare gida uku da masallaci. Wannan shi ne matsalar ƙananan zanguna duk duniya: igiya doguwa, fili gajere. Daidai ruwa daidai tsaki, eriyar da ta fi ita ce wadda gidanka zai ɗauka.

RUFIN SAMA

Kafin zaɓi akwai tambaya ta biyu: ina kake so ka ji? Can sama da inda jiragen sama ke bi akwai iskar da hasken rana ya caza, tana aiki kamar madubi, tana maido da igiyar rediyo ƙasa. Hawa-hawa ce. Hawan ƙasa, wajen kilomita 60 zuwa 90, da rana yana shanye ƙananan zanguna, amma da faɗuwar rana sai ya watse. Sa'an nan igiya ta sami hanya zuwa hawan sama, wajen kilomita 200 zuwa 400, ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Shi ya sa tun muna yara muka san tashoshin matsakaicin zango na Nijeriya ba sa shigowa da tsakar rana sai bayan magariba. Mita 160 da mita 80 zangunan dare ne, kuma sun fi daɗi a lokacin ɗari, sa'ad da babu tsawa. Mita 40 kuwa da rana tana kawo na kusa, da dare ta kawo na nesa.

Tsayin da ka ɗaga waya shi ke nuna inda za ta fuskanta. Waya a kwance, in tana ƙasa-ƙasa, kamar mita 6 zuwa 10, sama take kallo kai tsaye, saboda haka abin da ke kewaye da kai cikin 'yan ɗaruruwan kilomita shi za ta fi kamawa. In kana son ta kalli nesa sosai, sai ka ɗaga ta rabin tsawon igiya, watau mita 20 a zangon mita 40, abin da ba kowa ke iyawa ba. Turawa suna kukan wannan, amma mu gaba ta kai mu. Maiduguri ba ta fi kilomita 200 da 'yan kai ba in an miƙe, Mundu wajen 400, Abeshe da Damagaram da Kano duka tsakanin 650 ne da 720. Inda danginmu suke ke nan, ƙaramin tsayi ya ishe mu.

ZAƁI HUƊU

Na farko, doguwar waya. Wannan ita ce ta Alhaji da duk mai son sauraro kawai. Waya mita 10 zuwa 15, a ɗaure ta sama iyakar iyawa, daga itace ko gora zuwa tagar ɗaki, a nisanta ta da kwanon rufi kamar mita biyu. Ba ta bukatar awo na ƙwarai. Amma kada a ce tun da doguwa ta fi, bari a yi mita hamsin. Ƙaramar rediyon hannu an yi ta ne don ɗan sandanta, in aka ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta sai tashoshi su hau kan juna, ka ji Larabci cikin Hausa cikin Sinanci. Kada kuma a maƙala wayar a jikin sandan kai tsaye. A tura sandan ciki, a naɗe ƙarshen wayar da robarta sau shida ko takwas a kansa, ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. In matsakaicin zango ake nema, eriyarsa tana cikin akwatin, sai a naɗe wayar sau uku ko huɗu a jikin akwatin gaba ɗaya, a kai ƙarshenta ga ƙarfen da aka kafa a ƙasa.

Na biyu, mai hannu biyu, wadda masana ke kira difol. Waya biyu ce masu tsawo ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kebul ya sauko daga tsakiya. Ita ce uwar eriyoyi, kuma ita nake ba ɗalibina shawara ya fara da ita a zangon mita 40, hannu goma-goma. In gida bai kai mita 20 ba, sai a yi mata siffar jinka: a ɗaga tsakiyar a kan gora guda, hannuwan su gangaro. In tsakiyar tana mita 10, bakunan suna mita 3 daga ƙasa, faɗin mita 14 ya isa. Kada dai a matse hannuwan fiye da haka. Wannan eriya ɗaya za ta kawo maka masu hira a mita 40, ta kawo tashoshin labaru na mita 41 da ke maƙwabtaka da su, ta kuma yi abin kirki a mita 49. Jifa ɗaya, tsuntsu uku.

Na uku, mai gwiwa. Wannan ita ce dabarar mai ƙaramin gida da ya nace wa mita 80 ko 160. Maimakon rabin igiya sai a ɗauki rubu'i: wajen mita 20 don zangon mita 80, wajen mita 39 don zangon mita 160. Wayar ta tashi daga ƙasa ta miƙe sama iyakar tsayin gora, sa'an nan ta karya gwiwa ta tafi a kwance zuwa wani itace. Sai dai fa rabin eriya ce, ɗaya rabin ƙasa ce, ƙasarmu kuwa da rani ta bushe ƙayau, ba ta ɗaukar lantarki sosai. Rodi guda da aka kafa bai isa ba. Dole a yi mata saiwoyi, watau wayoyi da za su tashi daga gindinta su bazu ko'ina, a binne su ɗan yatsa guda a ƙasa don kada yara da awaki su yi tuntuɓe. Manyan tashoshin matsakaicin zango saiwa 120 suke binnewa. Kai in ka sami takwas ko goma sha shida ka yi ƙoƙari, kuma gajeru da yawa sun fi dogaye biyu. Mai gwiwa tana jin nesa fiye da difol mai ƙasa-ƙasa, amma tana kwasar hayaniyar gari fiye da ita.

Na huɗu, mai firam. Wannan ta ɗan haya ce wanda mai gida ya hana shi hawa katanga. A haɗa katako biyu a gicciye a sami murabba'i, kowane gefe mita ɗaya, a naɗa waya sau bakwai a kewaye da ɗan tazara tsakani, a haɗa bakunan biyu da abin murɗa tasha na tsohuwar rediyo, mai faranti-farantin nan da ke shiga juna. A ajiye rediyo kusa da ita, a kama tasha a matsakaicin zango, a murɗa har murya ta taso. In aka rage naɗin sai ta hau zuwa mita 160 da 80. Babban amfaninta shi ne tana da gefen da ba ta ji, sai ka juya ta har kurman gefen ya fuskanci inda hayaniya take fitowa. Ta sauraro ce kawai, amma na yi ta da 'yan ajina, yaran da ba sa son lissafi ran nan su suka riƙe ma'auni.

Akwai wata ta biyar da zan ambata don masu gona a bayan gari. Wani Ba'amurke, Harold Beverage, ya fito da ita wajen 1921: waya mai tsawon igiya guda ko fiye, a kan 'yan sanduna mita biyu, a miƙe ta wajen da ake son ji. Ita busasshiyar ƙasa ma ta fi so. Amma a Gardole sai dai labari.

YADDA AKE HAƊAWA

Bari mu ɗauki mai jinka ta mita 40. Kayan aiki: wayar jan ƙarfe irin ta haɗa wutar gida mai kauri 1.5, mita 22, kebul irin na tauraron ɗan'adam, guntayen bututun roba na famfo guda uku, igiya mai ƙarfi, gora ko bututu mai tsawo, dalma. Kebul ɗin dish ya dace ƙwarai, domin awonsa 75 ne, na difol kuwa wajen 73. Wayar ɗaurin rodi tana kama tasha, amma damina guda ta yi tsatsa. Siririyar wayar tsohon injin kuma iskar farkon damina za ta tsinke ta.

Yanke waya biyu, kowace mita goma da rabi. A kullum ka yanke da saura, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi. Huda guntun bututu guda, ka ɗaure hannuwan biyu a gefe da gefe, kada su taɓa juna. Fere kebul, ka haɗa zuciyarsa da hannu ɗaya, ragar da ke kewaye da ita da ɗaya hannun. Ragar kebul ɗin dish sau da yawa ta sanholo ce, ba ta kama dalma, sai a matse ta da ƙusa mai noti. Bayan haka ka rufe bakin kebul da kyau da salatif, ka juya shi ya kalli ƙasa, domin in ruwa ya shiga cikinsa ya gama aiki. Dab da wurin haɗin, naɗe kebul ɗin sau goma sha biyu a jikin bututu mai faɗin tafin hannu. Wannan naɗi yana rage hayaniyar da ke biyo bayan kebul daga cikin gida.

A bakin kowane hannu sa guntun bututu, daga shi sai igiya zuwa katanga ko itace. In a darbejiya za ka ɗaure, ka tuna itace yana rawa. Sa robar tsohon tayar keke tsakanin igiya da reshe, ta riƙa bayarwa in iska ta taso. Igiyar roba mai launi rana tana cinye ta cikin 'yan watanni, baƙa ta fi jurewa, ko wace ce dai a duba ta kafin damina.

Ga mai sauraro aiki ya ƙare a nan. Wanda ya sami lasisi zai aika magana, shi sai ya gwada da na'urar awo, ya riƙa lanƙwashe bakin hannuwan kaɗan-kaɗan, daidai wa daida, har eriyar ta zauna inda yake so. Waya mai roba takan bukaci ta gaza lissafi da kashi biyu zuwa biyar cikin ɗari. Ɗalibina kuma ka sani, masu hirar nan da salon SSB suke magana. In rediyonka ba ta da maɓallinsa, muryarsu za ta fito kamar kukan agwagwa, laifin kuwa ba na eriya ba ne.

HAYANIYA

Suyar ƙosan da Alhaji yake ji, yawancinta a gidansa ake yin ta. Cajar salula, ƙwan lantarki na zamani, na'urar juya wutar sola, talabijin, janareta, duk suna fesa hayaniya a ƙananan zanguna. A zamanin iyayenmu babu waɗannan, shi ya sa ƙaramar rediyo ta ishe su. Gwaji mai sauƙi: sa batir a rediyo, kama tasha, kashe wutar gidan gaba ɗaya. In murya ta washe, ɓarawon na gida ne, sai ka riƙa kunna kaya ɗaya-ɗaya har ka kama shi. Waya mita goma a can ƙarshen gida nesa da kayan wuta ta fi mita talatin da ta bi ta kan mita da wayoyin lantarki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Nan ne nake roƙon kowa ya karanta sau biyu. Kada a wuce da eriya ta sama ko ta ƙarƙashin wayar lantarki, kada a ɗaure ta a jikin turken wuta, kada a kafa gora inda in ta faɗi za ta taɓa layi. A unguwanninmu wayoyin wuta sun yi saƙar gizo tsakanin gidaje, kuma don an ɗauke wuta ba shi ne ba za a maido ta kana riƙe da waya ba. Ba labarin da ya kai ran mutum. Kada kuma a aiki yaro ya hau, babba ya tsaya a ƙasa yana nuni.

Na biyu, tsawa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, da ka ga hadari ya haɗu, cire kebul daga rediyo ka fitar da shi waje, ka haɗa shi da rodin da ka kafa a ƙasa. Haka in za ka yi tafiya ko za ka kwanta. Kada ka jira sai an fara walƙiya sa'an nan ka taɓa shi.

Na uku, hunturu, wanda mutane ba su cika sani ba. Busasshiyar iska mai ƙura tana goga waya tana tara mata caji, irin wanda ke sa riga ta yi ƙyas-ƙyas in ka tuɓe ta da dare. Shekarar da na fara koyarwa na ga wayar mahaifina ta yi mini gajarta, na miƙa wata mai tsawon gaske na maƙala ta kai tsaye a sandan rediyonsa, wadda ta fitar da mu a 2008. Kwana uku muna jin duniya, ran na huɗu ƙura ta taso, na kai hannu sai na ji tas a yatsa. Tun daga ranar gajeren zango ya mutu a akwatin. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce, “Malam, ashe karatun naku har da kashe kunne?” Naɗin da na faɗa a baya, wanda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, da shi na yi da ban ji wannan magana ba. Masu gyara kuma suna iya sa ɗan resista babba tsakanin eriya da rodin ƙasa, cajin ya riƙa tsiyayewa.

HUKUMA DA MAƘWABTA

Duk abin da na faɗa na sauraro ne. Aika magana ta iska kuwa sai da lasisi, a ƙasar nan hukumar ARCEP ce ke kula da rabon zanguna. Kada wani ya sayo na'urar aikawa a kasuwa ya kunna don gwaji. Ƙasarmu ta ga yaƙi, mutumin da aka same shi da irin wannan kaya ba takarda zai sha tambayoyin da bai shirya musu ba, kuma ba shi kaɗai abin zai shafa ba, har da sunan al'ummarmu. Wanda ya sami lasisi ya sani bakin eriya yana ɗaukar wuta mai ƙarfi lokacin aikawa, shi ya sa muka ce mita uku daga ƙasa.

Ko ta sauraro ce ma, kafin ka kafa gora ka sanar da mai gida da maƙwabta da mai unguwa. Ka kira su su ji abin da take kamawa, gani ya kori ji. In za ka hau katanga ka yi sallama tukuna, a ba iyalin maƙwabci dama su kimtsa. Wani maƙwabcina da ya fara ɗaure fuska da ya ga gorata, yanzu shi ke fara shimfiɗa tabarma in lokacin labaru ya yi, itacensa ma shi ke riƙe da hannu ɗaya na eriyar.

Masana sun ce rana tana da zagaye na wajen shekara goma sha ɗaya, ta kai ƙololuwarta a 2024, in ta yi sanyi kuwa ƙananan zanguna suka fi kyau. Ke nan wanda ya ɗaura wayarsa yanzu yana da shekaru masu daɗi a gaba. Markoni ma da ya fara jin saƙo daga Ingila a gaɓar Kanada ran 12 ga Disamba 1901, waya ce kawai ya ɗaga da filfilo.

Alhaji, ka gwada waya mita goma kafin ka koma kasuwa, in ba ta yi ba ka aiko mini. Ɗalibina, fara da mita 40, ka buɗe littafi kana rubuta rana da lokaci da lambar duk wanda ka ji, bayan wata uku ka kawo mu duba tare, sa'an nan mu yi maganar mita 80. Sauran masu karatu da suka gwada, musamman na Abeshe da Mundu da Sar, a rubuto mana tsawon waya da tsayinta da abin da aka kama, ta ofishin wannan jarida. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake tace ruwan sha da yashi da gawayi kafin damina ta kankama.